Lema da Farar Gida

Legas, 14 ga Satumba, 2021

Zuwa ga Yaya Bitrus,

Gaisuwa mai yawa cikin sunan Ubangiji, da fatan kai da Maman yara da yaran duka kuna lafiya. Ni lafiyata ƙalau, sai gajiyar kwas ɗin nan. Shekara goma sha ɗaya ina aikin jinya a Funtua, amma a nan an mai da ni 'yar makaranta, ana yi mini tsawa a kan yadda ake miƙa almakashi a ɗakin tiyata.

Tun ranar da aka yanke layukan waya a wajenku ban samu sukuni ba. Sai Allah ya haɗa ni da Hussaini, direban tirelar da ke kawo masara nan daga Funtua. Ya ce kullum yana hanya, shi zai riƙa kai mana takarda. Mun koma zamanin iyayenmu ke nan.

Yaya, gida na bar muku da zuciya ɗaya, ku zauna har ƙauye ya lafa. Ba na tunanin ƙofa ko kujera. Tankin gilashin da ke falo ne ke hana ni cin abinci. Na nuna maka komai kafin in taho, amma ka yi ta gyaɗa kai irin na wanda hankalinsa ke gona, don haka ga shi a rubuce.

Ruwan da ke ciki na gishiri ne, irin na teku. In ka ga ya ragu, ruwan ne ya tashi, gishirin yana nan. Ka cika shi zuwa jan layin da tataccen ruwan da ke cikin farar jarka kawai. Kada ka ƙara gishiri, balle na miya. Injin da ke kaɗa ruwan kada ya tsaya. Solar da marigayi mijina Mark ya haɗa za ta riƙe shi, in dai ba a jona mata dutsen guga ba. Fitila awa tara. Kifayen nan biyu, abin da yatsu biyu suka ɗebo ya ishe su. Kada a fesa fiya-fiya a falon, ko da sauro zai ɗaga ku sama.

Sai Lema. Na san har yanzu kana cewa murjanin da ka sani shi ne na wuyan mata. To, ita ma murjani ce, amma mai taushi, mai rai. Jikinta kamar jemammiyar fata, shi ya sa masu harkar ke cewa murjanin fata. A cikin kula mai ruwa Mark ya kawo ta daga Legas, ba ta fi kan babban yatsa ba, ya ɗaure ta a kan dutsen da roba, da hannunsa. Shekara shida ke nan. Yau ta kai faɗin faranti, ta buɗe sai ka ce lemar ruwan sama, shi ne ya sa mata sunan. A watannin da ciwo ya kwantar da ƙaninka, a gaban tankin nan yake sa in ajiye masa kujera. Bayan ya tafi na rabar da rigunansa, na sallama shagonsa. Cikin abubuwan da ya taɓa da hannunsa, Lema ce kaɗai ke da rai har yanzu.

Ka gaida mini kowa. Ka rubuto ta hannun Hussaini, ko layi uku ne.

Matar ƙaninka,
Rahab


Funtua, 27 ga Satumba, 2021

Zuwa ga Sista Rahab,

Salamar Ubangiji ta kasance tare da ke. Takardarki ta iso ranar Laraba tana warin man mota. Mu nan lafiya lau. Maman yara ta yi zazzaɓi kwana biyu, ta miƙe. Mutane na hawa mota har hanyar Zariya don su samu layi su yi waya, ni kuwa ban ga maganar da zan faɗa da ta kai wannan wahalar ba.

Na karanta dokokinki, sun fi na Musa yawa, amma ban karya ko ɗaya ba. Na yi kiwon shanu, na yi na tumaki, ban taɓa zaton zan tsufa ina kiwon dutse a cikin kwalba ba. Sai dai gaskiya ɗaya ce, da safe in na kunna fitilar nakan ja kujera in zauna. Gashin nan nata yana kaɗawa a ruwa kamar geron da iska ke bi ta kansa. Na fara gane abin da yaron nan Mark ya gani a cikinta.

Tunda kin ba ni amanarki, bari in tuna miki da tawa. Baƙar jarkar da na ba ki kika kulle a sitonki ranar da muka gudo daga Gidan Maitama, kin ce mabuɗin yana hannun ƙanwarki Maijidda. Abin da ke ciki Farar Gida ce, irin masarar da Baba ya gada wurin kakanmu. Tiya uku ce cikin toka. Da 'yan bindiga suka ƙone rumbunanmu, ita kaɗai na sungumo, ko takalmi ban tsaya ɗauka ba. Na tambayi duk wanda Baba ya taɓa ba irin nan, kowa ya koma masarar zamani. Ni ma bana ban shuka ta ba, domin gonar da na ara a nan kewaye take da ta zamani, iska za ta gauraya su, in kuwa ta gauraya shi ke nan ta tafi. Ina jiran damina mai zuwa in samu wuri a keɓe. Ki ja wa Maijidda kunne kada ta bar siton a buɗe, ɓeran garin nan ba ya jin tsoron kowa.

Abu ɗaya na lura. Tun shekaranjiya Lema ta janye gashinta duka, ta yi sumul tana ƙyalli sai ka ce an shafa mata man kaɗe. Wataƙila kewarki take yi.

Wan mijinki,
Bitrus Maitama


Legas, 3 ga Oktoba, 2021

Yaya Bitrus,

Ina gaisuwa, ina lafiya. A tsaye nake rubutun nan, Hussaini ya tayar da mota.

Kada ka taɓa Lema! Na manta ban gaya maka ba, don ni na saba. Saɓa za ta yi. Sau biyu ko uku a shekara takan rufe, ta yi ƙyalli, ta lanƙwashe kamar ta mutu. Takan yi mako guda, wani lokaci har biyu. Daga nan wata siririyar fata za ta saɓule daga jikinta, ta wanke dattin da ya taru, sai ta buɗe fiye da da. Ka juya bakin injin ruwan ya riƙa bugun gefenta, in fatar ta fita ka kwashe da 'yar ragar nan. Shi ke nan aikinka. Ka bar ta kawai.

Maganar jarkarka na ji, babu mai taɓa ta.

Rahab


Funtua, 12 ga Oktoba, 2021

Zuwa ga Sista Rahab,

Ina gaishe ki cikin sunan Mai Ta'aziyya. Jikinmu lafiya. Hussaini bai dawo ba har yau, ban kuma ji daga gare ki ba, don haka na ba wani direba wannan. Ki samu wuri ki zauna kafin ki ci gaba da karantawa.

Lema ta mutu. Na yi duk abin da kika rubuta, Allah ne shaidata. Mako biyu cur ba ta buɗe ba. Ta sunkuyar da kai, launinta ya dushe, ranar Juma'a kuma na ga fatarta ta fara saluɓewa tana yawo a ruwa. Ni manomi ne, na san ruɓa in na gan ta. Tumatir ɗaya ya ruɓe a kwando, ka yi nawa, sauran sun tafi. Na ji tsoron kada ta kashe miki kifayen.

Ranar Asabar na sayo sabuwar reza, na wanke hannu, na yanke ta daga gindi. Da rezar ta shiga ta ɗan takure a hannuna, na ce ragowar motsi ne irin na wutsiyar ƙadangare. Kututturen ya ƙi rabuwa da dutsen, na bar shi.

Maman yara ta ce in jefa a bola, na ce ba za a yi haka da ni ba. Abin da ƙanena ya rena da hannunsa ba ya zuwa bola. Na naɗe ta a farin ƙyalle, na hau mota zuwa Kafur, na haƙa rami a wajen kan kabarin Mark a bayan majami'a, na binne ta. Na yi waƙa ɗaya, na yi addu'a. Yanzu suna tare. Na san in da kina nan haka za ki yi, shi ya sa zuciyata ta ɗan yi sanyi a hanyar dawowa.

Kifayen suna nan lafiya, suna ci. Ki yi haƙuri, ki daure, ki gama karatunki.

Wan mijinki,
Bitrus Maitama


Legas, 19 ga Oktoba, 2021

Bitrus,

Gaisuwa dai ga ta nan, tunda an koya mini. Kada ka tambayi lafiyata.

Da ranta ka binne ta. Ka karanta wannan layin sau biyu. Lema ba ta mutu ba, saɓa take yi, ranar da fatar ta fara fita kuwa saura kwana ɗaya ko biyu ta buɗe. Kai da bakinka ka ce ta takure da ka sa reza. Matacce yana takurewa? Ta ji ka! Ta ji wuƙa a jikinta ta ja baya, kai kuwa ka ci gaba da yanka, ka naɗe ta, ka ɗauke ta a mota cikin zafin rana, ka tura mata ƙasa, har da waƙa.

Na rubuto maka tun uku ga wata cewa kada ka taɓa ta. Ko takardar ba ta iso ba, wa ya aike ka? A cikin abin da na rubuta maka, ina aka ce reza? Mutanen da ke zuwa hanyar Zariya neman layi ka yi musu dariya. Kuɗin motar da ya kai ka Kafur, da ya kai ka inda za ka kira ni, minti ɗaya ya isa. Amma ina! Kai ne Bitrus, babban wa, sarkin noma, wanda bai taɓa tambayar kowa komai ba. Haka ka yi lokacin ciwon Mark, ka yi ta ɗura masa saiwoyi wata biyu kafin ka bari in kai shi asibiti, na haɗiye saboda girmanka.

Shekara biyu ina tashi da safe saboda abin nan. Na hana kaina tafiya, na kwashe ƙanƙara daga firij na jera a ruwanta lokacin bazara, ni kuwa ina shan ruwan zafi. Wata ɗaya kacal na bar ta a hannunka.

Kuma har kana cewa zuciyarka ta yi sanyi. Tawa ba ta yi ba, ba kuwa za ta yi ba sai ka ɗanɗana abin da na ɗanɗana. Na rubuta wannan da hankalina, ba cikin kuka ba.

Rahab


Funtua, 28 ga Oktoba, 2021

Rahab,

Muna lafiya, in kina son sani.

Takardarki ta uku ga wata sai ranar ashirin ta iso. Motar Hussaini ce ta lalace a Mokwa, ya kwana goma sha biyar a gindinta. Ta biyun kuwa, mai zagin, ta zo da wuri, kamar yadda mugun abu ya saba.

Tun da aka kawo ki gidanmu ba ki taɓa kiran sunana gatsau ba sai yau, a kan wani abu da ko ido ba shi da shi. Kin rubuto mini dokar gishiri, dokar fitila, dokar sauro, amma babbar dokar kin manta da ita, yanzu kuma ni ne mai laifi. In ma'aikaciyar jinya ta manta ta faɗi yadda ake shan magani, majinyaci ake zagi?

Maganar saiwoyi kuwa, ki kiyaye harshenki. Ni na goyi Mark a bayana zuwa makaranta lokacin da ke ba a san za a haife ki ba. Ni na haƙa kabarinsa. Kada ki ƙara nuna mini kin fi ni jin zafin mutuwarsa.

Mutane an ƙone musu gidaje, an kwashe musu 'ya'ya, suna kwana a azuzuwan makaranta, ke kina Legas kina makokin naman ruwa. Shekara tara kika yi da ƙanena. Da kin haifa masa ko ɗa guda, da yau kina da abin da za ki riƙa kallo ki tuna da shi, ba sai kin rungumi kwalba ba.

In gidanki ne kike so mu bar miki, ki faɗa, ba mu rasa dangi ba.

Bitrus


Legas, 4 ga Nuwamba, 2021

Ƙanwata Maijidda,

Ina gaishe ki da maigidanki, ya aikin ɗinki? Ni lafiya lau.

Kin san ranar Lahadi sha huɗu ga wata Mark ke cika shekara biyu. Ba zan samu zuwa ba, ina so ki tsaya a madadina. Ki buɗe sitona, a bayan buhun gawayi akwai baƙar jarka da farar masara a cikin toka, tiya uku. Don wannan ranar na tanade ta. Ki juye duka, ki tankaɗe tokar, a surfa, a wanke, a kai niƙa. Kada ki rage ko ƙwara. Ki tuƙa tuwo da miyar busasshiyar kuɓewa, ki sa man shanu, ki kai gidana bayan an tashi sujada, a kira Fasto da maƙwabta.

Yaya Bitrus za ki fara zuba wa, a babban kwano. Mun ɗan samu saɓani, ina so ya ci daga hannuna. Kada ki gaya masa komai tukuna, kin san shi da girman kai, sai ya ƙi ci. In ya wanke hannu, ki miƙa masa ambulan ɗin da ke cikin wannan.

Yayarki,
Rahab


Legas, 4 ga Nuwamba, 2021

Yaya Bitrus,

Ka ga na mayar maka da girmanka. Sannu da cin abinci, ina fata ka ƙoshi.

Tuwon da ka ci yanzu Farar Gida ce. Duka tiya ukun. Abin da kakanka ya ba Baba, Baba ya ba ka, ka gudo da shi babu takalmi, yau ka sa hannu ka kai baki, ka raba wa maƙwabta saura. Maijidda ba ta san komai ba, kada ka neme ta da magana. Ni ce, ni kaɗai.

Yankan Lema na so in bar wa Allah. Na yi mako biyu ina roƙon Ya cire mini abin daga rai. Sai takardarka ta zo. Cikin nan uku da na yi suka zube, kai ka kai ni asibiti a na biyun, ka ga jinin da idonka. Duk da haka hannunka ya iya rubuta mini abin da ya rubuta.

Ka ce naman ruwa ne. To, wannan ma masara ce kawai, kasuwa cike take da ita. Ka ce mutane na kwana a makaranta, bai kamata a yi makokin ƙaramin abu ba. Sai ka daure kai ma. In kana so, ka naɗe kwanon a farin ƙyalle ka kai Kafur, ka yi masa waƙa.

Yanzu ni da kai babu wanda ke da abin kallo.

Rahab


Funtua, 9 ga Nuwamba, 2021

Zuwa ga Sista Rahab,

Alherin Ubangiji ya riƙe ki. Muna lafiya, sanyi ya fara shigowa, na kunna abin ɗumama ruwan kamar yadda kika nuna mini. Ban jira amsarki ba, akwai motar da za ta tashi yau.

Da farko ki yafe mini. Maganar da na rubuta a kan haihuwa, tun da motar ta tashi na so in bi ta da gudu in ƙwace takardar. Maman yara da ta ji abin da na rubuta kwana uku ba ta yi mini magana ba, kuma tana da gaskiya. Kunya ce ta sa ni. Na san na yi ɓarna, sai na nemi inda zan soka don kada a ga tawa. Ba ki cancanci haka ba. Kin riƙe ƙanena har numfashinsa na ƙarshe, kin buɗe mana gidanki ranar da 'yan'uwan jini suka yi kamar ba su ji ba.

Na biyu, ki share hawayenki. Kin tuna na ce kututturen ya ƙi fita daga dutsen? Ban fasa cika ruwa da kunna fitila ba, saboda kifayen. Wurin yankan ya warke ya yi santsi. Ranar Lahadi na ga wasu 'yan ɗigo-ɗigo a kai, na ɗauka datti ne, amma wannan karon ban taɓa ba, na zauna na zuba ido. Sista, gashi ne! Yau da safe na ƙirga goma sha ɗaya, suna kaɗawa. Lema tana tohowa, yadda dawa ke yi in an yanke kara aka bar gindi a ƙasa mai laima. Na kira Maman yara, muka tsaya gaban gilashi kamar yara, ni da furfurata ina kuka.

Ba ta kai girman da ba, ko kwabo ba ta kai ba. Amma ita ce, a kan dutsen da Mark ya ɗaure ta.

In Allah ya kai mu damina, layin farko na Farar Gida da sunan Mark zan shuka, ke kuma za ki fara cin gasasshiya. Ki rubuto ki ce kin yafe.

Wan mijinki,
Bitrus Maitama


Legas, 13 ga Nuwamba, 2021

Maijidda,

Don Allah, in ba ki kai masarar nan niƙa ba, ki tsaya! Irin gadon Yaya Bitrus ce, yau takardarsa ta neman gafara ta iso ni. In an surfa, ki duba turmi, ki duba tokar, ki duba ƙasan jarkar, ko ƙwara goma ce ki tsince ki ɓoye. Ambulan ɗin ki ƙone shi, kada ya gani. Na kira lambarki tun safe, na kira ta maigidanki, na kira ta Fasto, babu wadda ta shiga. Na san gobe ce Lahadi. Na san takardar nan ba za ta iso ba. Ina rubutawa ne don ban san abin da zan yi da hannuwana ba.

Rahab


Funtua, 21 ga Nuwamba, 2021

Zuwa ga Sista Rahab,

Ina gaishe ki. Kowa lafiya, babu wanda tuwon ya ɓata wa ciki.

Ya yi daɗi, ya kamata ki sani. Loma ta farko na ce wa Fasto rabona da tuwo mai wannan garɗin tun Mama na da rai. Na yi ƙari sau biyu. Na tashi a gaban jama'a na sa miki albarka, na ce matar ƙanena ta fi ni zuciya, ni na ɓata mata, ita ta aiko mini da abinci. Aka tafa. Sannan Maijidda ta miƙo mini ambulan.

Takardar da kika aiko mata don ki hana ta, sai ranar Alhamis ta iso. Ta kawo mini ita tana kuka, ta ajiye mabuɗin sitonki ta ce ba ta ƙara riƙe miki komai. Mun tankaɗe tokar sau uku. Mun je wurin mai injin, mun share ƙasa, dusa kawai muka samu. Ƙanwarki mai tsafta ce, kin ce kada ta rage ko ƙwara, ba ta rage ba. Murjaninki yana da kututture, masara ba ta da shi.

Ranar Litinin na sayo kwalbar fiya-fiya. Ba zan ɓoye miki ba. Na buɗe murfin tankin, na tsaya da kwalbar a hannu har ƙafata ta yi tsami. Gashin ya kai ashirin da shida, na ƙirga ina tsaye. Ban zuba ba. Kada ki ɗauka tausayinki ne, ko tsoron Allah, ko da yake ina fata Ya rubuta mini shi a haka. Na duba ne na ga in na kashe ta, mun yi kunnen doki, ki dawo ki ce Bitrus mugu ne, ki samu barci. Ba zan ba ki wannan ba.

Mun kwashe kayanmu, Fasto ya ba mu ɗaki biyu a bayan majami'a. Amma kullum da safe ina zuwa gidanki. Ina cika ruwa zuwa jan layi, ina kunna fitila awa tara, ina ba kifaye abin da yatsu biyu suka ɗebo. In ta rufe ta yi ƙyalli, zan juya mata bakin inji in bar ta, yanzu na iya. Za ki dawo ki tarar da ita lafiya, ta fi yadda kike zato. Mark ya taɓa gaya mini irinta kan yi shekara ashirin tana girma. Ina roƙa miki tsawon rai ki ga duka.

Ni na yanka abinki bisa kuskure, na kuma zage ki da gangan, na nemi gafara. Taki gafarar kada ki aiko ta a takarda, ba zan karanta ba.

Abu na ƙarshe. Farar jarkar da ake zuba tataccen ruwa na ba Maman yara, tana ɗiban ruwa da ita. Baƙar na wanke sau bakwai da ruwan zafi, babu sauran toka da za ta cutar da Lema. A ciki ruwan yake yanzu, a gefen tankin, kusa da kujerar Mark. Da ita za ki riƙa cika mata ruwa kowace safiya.

Wan mijinki,
Bitrus Maitama